Kwaɗo da Yadda Yake Jure Muhallinsa

Kwaɗo dabba ce mai zaman ruwa da tudu, kuma masana sun san nau'o'insa fiye da 7,000. Ana samunsa a kowace nahiya in ban da Antaktika. Kusan duk dabarunsa na rayuwa suna komawa ga abu guda, wato fatarsa.

Fatar kwaɗo siririya ce, mai damshi. Da ita yake shaƙar wani ɓangare na iskar da yake bukata, da ita kuma yake shan ruwa, don kwaɗo ba ya kurɓa da baki. Zama yake yi a jiƙaƙƙen wuri, fatar cikinsa ta tsotsa. Sai dai yadda ruwa ke shiga da sauƙi, haka yake fita, shi ya sa rani ne babban abokin gabarsa.

A ƙasashen da kududdufai ke ƙafewa wata da watanni, irin su ƙasar Hausa, wasu manyan kwaɗi kan tona ƙasa da ƙafafun baya su shige tun laka ba ta bushe ba. A can sai fatar ta riƙa saɓulewa, ɗaya bisa ɗaya, har ta zama kwanso da ya rufe jiki duka, ban da kafofin hanci. Bugun zuciya da numfashi su yi ƙasa, mafitsara ta riƙe ruwan ajiya. Ruwan farko na sauka, kwanson ya jiƙa, su fito. Wannan ne asalin kukan da kan cika unguwa a dare ɗaya, har yara su ɗauka daga sama suka faɗo. Maza ne ke kiran mata, kuma sauri suke yi, don dole talibambam ya yi ƙafafu kafin ruwan ya janye.

A Alaska da Kanada akasin haka ne. Akwai kwaɗon daji da ke daskarewa da hunturu, zuciyarsa ta tsaya cak, sukarin da hantarsa ta zuba cikin jini ya kare ƙwayoyin jikinsa har ƙanƙara ta narke.

Sauran kayan aikin a fili suke: idanu a saman kai don leƙe yana cikin ruwa, tantani tsakanin yatsun baya don iyo, harshe mai danƙo da aka dasa a gaban baki.

Wajen koya wa yara, bokiti ya fi allo amfani. A ɗebo talibambam kaɗan da ruwan kududdufinsu, a ajiye a inuwa, yara su ga ƙafafun baya sun riga na gaba fitowa, wutsiya tana ƙanƙancewa. In sun fara tsalle a mayar da su inda aka ɗebo su, wanda ya taɓa kuma ya wanke hannu.