Aya-aya, kiri-kiri da tofa: ciyayi masu naci a lambu

Ciyayi masu naci su ne waɗanda ba sa mutuwa da wucewar damina, sabida ransu a ƙarƙashin ƙasa yake, ko a saiwa ko a 'ya'yan da suke ajiyewa cikin turɓaya. Harkiya da ƙarangiya in an nome su kafin su yi iri to an gama da su, amma masu nacin ko an sare kai sai sun tofo. A lambunan Katsina da Daura, kaman na bakin madatsun Ajiwa, Jibiya, Sabke da Daberam, ban ruwan rani yana ƙara musu ƙarfi tunda ƙasa ba ta samun bushewa.

Wadda ta fi damun masu lambu ita ce aya-aya, wasu su ce jiji, masana kuma Cyperus rotundus, 'yar uwar ayar da ake ci ce. Tun wajen 1977 masana suka sa ta a sahun farko cikin miyagun ciyayin duniya, an same ta a ƙasashe sama da 90. 'Ya'yanta a jere suke kaman carbi, mafi yawansu ba su wuce zurfin taƙi ɗaya ba, kuma in hauya ta tsinka jerin sai waɗanda suke kwance a da su farka su tsiro, shi ya sa mutum zai nome fangali yau kafin sati ya zagayo ya tarar ta fi da yawa, musamman a albasa da karas da ganyensu ba ya rufe ƙasa. Abu biyu ne ba ta jurewa, zafin rana a kan 'ya'yanta da kuma inuwa. Don haka a yi kaftu mai zurfi da bazara, Maris zuwa Afrilu, a hana wurin ruwa, a tsince 'ya'yan a ƙona, kar a zuba su a juji don za su dawo cikin taki. Sannan a bi da shuka mai rufe ƙasa irin dankali ko wake. Gaskiya aikin akwai wahala kuma ba na shekara ɗaya ba ne, amma shi ne mai ɗorewa.

Kiri-kiri yaɗo take ta sama da ta ƙasa, ko guntun gaɓa ɗaya aka bari zai kama, a bakin hanyar ruwa ta fi zama. Tofa kuwa ta fi yawa a fadama da kudancin jihar Katsina, ƙona ta ba ya kashe saiwar, sai ma ta fito da sabon ƙarfi.

Maganin feshin da ke sauka har saiwa shi ne glyphosate, wanda kamfanin Monsanto na Amurka ya fito da shi kasuwa a 1974 da sunan Roundup. Ana fesa shi ne kan ganye kore kafin a yi shuka, don ba ya tantance ciyawa da tumatir, kuma a bar wurin aƙalla sati ɗaya ba a taɓa ba. Wani maganin feshin, paraquat, ganye kawai yake ƙonawa, ga haɗari ga mai feshi. A 2015 hukumar binciken cutar daji ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce mai yiwuwa glyphosate na jawo cutar, hukumomin Amurka da Turai ba su yarda da hakan ba.