Mi ya sa imel ɗinmu ke faɗawa Spam?

Tambaya: Malam, makarantarmu ta nan Ƙofar Ƙaura mun sayi adireshinmu na .com.ng, amma duk imel ɗin da muka tura ma iyayen yara sai ya wuce Spam. Ko rubutun namu ne?

Amsa: Galibi ba rubutun ba ne, shaida ce babu. Tsarin imel tun asali kowa na iya sa sunan wani a wurin mai aikawa, shi ya sa Gmail ba ya yarda sai ya duba abu 3, SPF da DKIM da DMARC. SPF jerin sabobin, wato kwamfutocin da ke aika imel, da kuka yarda su tura saƙo da sunanku ne. DKIM kamar hatimin mai unguwa ne a takarda, in aka taɓa saƙon a hanya hatimin ya lalace. DMARC kuma shi ke faɗin abin da za a yi in shaidar ba ta dace da sunanku ba, a ƙyale, a kai Spam ko a mayar.

Tambaya: To ai da yana shiga lafiya lau?

Amsa: Da kenan. Tun Fabrairun 2024 Google da Yahoo suka tsaurara, duk mai tura ma Gmail sai yana da SPF ko DKIM, wanda ke tura saƙo 5,000 a rana kuwa sai ukun duka.

Tambaya: Yaron da ya haɗa mana ya ce ya sa SPF fa.

Amsa: Nan fa ake yawan yin ɓarna. Wani ya sa SPF guda biyu alhali ɗaya tak ake so, wani kuma ya sa sabar kamfanin da ya sayi adireshin a wurinsu ya manta da manhajar da ke tura takardar kuɗin makaranta, ita ma da sunanku take turawa ai, to ba ta cikin jerin sai a ɗauke ta ɗan damfara. Kuma in mutum ya saita saƙonsa ya riƙa wucewa wani akwati da kansa SPF na faɗuwa, DKIM ne ke ceto, don haka ni dai ban ɗauki SPF kaɗai aiki ba wallahi.

Tambaya: Ya za mu gane wanne ya faɗi?

Amsa: Ku tura ma Gmail ɗinku saƙo daga adireshin makarantar, ku buɗe a kwamfuta ba waya ba, ku danna ɗigo ukun nan ku zaɓi Show original. Can sama za ku ga PASS ko FAIL gaban kowanne. Ku ɗauki hoton ku tura ma yaron, in ya gyara a DNS, wato wurin da ake saita bayanan adireshin naku, ku ɗan ba shi lokaci, wani sa'in har kwana 2 kafin ya kama.