Yadda za ka sa taurarin labarinka su yi magana kamar mutane

Me ya sa hirar da nake rubutawa take fitowa kamar karatun takarda?

Galibi saboda kai ne kake magana da bakinsu. Kana so mai karatu ya san wani abu, sai ka cusa shi a bakin tauraro. Ga miji yana ce wa matarsa: "Kin san dai shekararmu goma da aure, kuma muna da 'ya'ya uku." Wane miji ne zai faɗa wa matarsa abin da ta fi shi sani? Wannan bayani na mai ba da labari ne, ka ajiye shi a can. Kafin kowa ya buɗe baki, ka tambayi kanka abin da yake nema a wajen wanda yake gabansa. Kuɗi ne, ko gafara, ko so yake a ƙyale shi ya tafi? Wanda ba ya neman komai ba shi da dalilin magana a shafinka.

Mu Hausawa ba ma fara magana sai da gaisuwa. In rubuta ta duka?

A'a. Mai karatu ya san "ina kwana, ina gajiya, ya mutanen gida", ya yi ta yau da safe. Ka ce "bayan sun gaisa" ka wuce. Masu shiga gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016, sun san tsadar wannan, don labarin bai wuce kalma 1,500 ba. Amma akwai inda gaisuwa take zama labarin kansa. Amarya ta durƙusa ta ce wa surukarta "Ina kwana, Mama", tsohuwa ta ce "Lafiya" ta ci gaba da jan carbi, ba ta tambayi kwanan kowa ba. Nan ba ka buƙatar rubuta cewa akwai matsala a gidan.

To ta yaya zan nuna abin da ke zuciyar tauraro idan bai faɗa ba?

Nan ne nake ganin marubutanmu suke asarar dukiyar da ke hannunsu. Al'adarmu cike take da kunya da kawaici da alkunya da habaici, wato hanyoyin da mutum yake faɗar abu ba tare da ya furta shi ba. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari. A gidaje da yawa mace ba ta kiran sunan mijinta, sai Malam ko Alhaji ko Baban wane. To ka yi tunanin ranar da uwar nan za ta kira sunan ɗanta na fari a bainar jama'a, a bakin gadon asibiti. Kalma ɗaya ta ishe ta, kuma mai karatu Bahaushe zai ji ta har cikin ƙashinsa.

Ɗauki mijin da zai ƙara aure. Wanda bai ƙware ba zai rubuta shafi uku na ihu da kuka. Gwada wannan: ya shigo da ledar tsire, abin da bai saba ba. Ya tambayi makarantar yara, ya yi zancen tsadar gas, sannan ya ce, "Dama akwai maganar da nake so mu yi." Ita tana ninke wanki. Da ya gama ta ce, "Allah Ya sanya alheri," ta warware rigar da ta riga ta ninke ta sake ninke ta. Kukan yana iya zuwa daga baya, amma mai karatu ya riga ya ga zafin a hannunta.

Ina da tauraro Basakkwace. In rubuta maganarsa da Sakkwatanci?

Ka taɓa kaɗan, kamar gishiri a miya. "Lahiya lau", "mi", "shina zuwa" sun isa su sa kunne ya gane shi, sauran ka bar su a daidaitacciyar Hausa don kowa ya bi ka. Abin da nake roƙo shi ne kada karin harshen mutum ya zama abin dariya kawai, a ce kullum mai Sakkwatanci ko Bazazzagi shi ne mai gadi ko wawan labari. Haka ma Ingausa, wato cakuɗa Hausa da Turanci: ta dace da ɗalibar jami'a, ba ta dace da kakarta ba. Karin magana kuwa ya fi zama a bakin wanda ya ga jiya, kuma guda ɗaya a inda ya dace ya fi biyar a jere.

"Ya ce", "ta ce" ba su yi yawa ba?

Ido ba ya tsayawa a kansu. Abin da ke gajiyarwa shi ne "ya faɗa cikin tsananin ɓacin rai" bayan kowane layi. In maganar da kanta ba ta nuna fushin ba, ita za ka gyara.

Yaya zan gane cewa hirar ta yi?

Ka karanta ta a fili. Yanzu littattafai da yawa sauraronsu ake yi a rediyo da YouTube, kuma kunne ba ya yafe abin da ido yake tsallakewa. Inda numfashinka ya ƙare kafin jimla ta ƙare, ka yanke ta. Sannan ka rufe sunayen masu maganar da yatsa, ka ba wani ya karanta. In ya kasa bambance direban a daidaita sahu da malamin Islamiyya, to har yanzu muryarka ce su biyun suke amfani da ita. Ka koma tasha ko gidan suna ka zauna ka saurara, ka lura da yadda mutane suke katse juna, da yadda ake yin tambaya a ba da amsar wata daban.