Karayar kafaɗa

Karayar kafaɗa ita ce karyewar ɗaya daga cikin ƙasusuwa uku da suka haɗu suka yi gaɓar kafaɗa: kan ƙashin damtse, da ƙashin da ya miƙe daga gindin wuya zuwa kafaɗa, da allon kafaɗa da ke baya. Ta bambanta da gocewa, inda kan ƙashi ke fita daga mazauninsa, ko da yake wani lokaci ana samun su biyun a lokaci guda.

Ƙashin gindin wuya ya fi karyewa a yara da matasa, galibi wajen wasa ko faɗuwa daga keke ko babur, kuma a tsakiyarsa ya fi karyewa. Kan ƙashin damtse kuwa ya fi karyewa a tsofaffi, musamman mata da ƙashinsu ya zaizaye bayan ɗaukewar haila. Tuntuɓe a tsakar ɗaki ya isa ya karya shi. Allon kafaɗa ba kasafai yake karyewa ba, domin tsoka ta lulluɓe shi, sai a mummunan hatsari. Idan ya karye, likita kan duba haƙarƙari da huhu, saboda bugun da ya iya fasa shi da wuya ya tsaya a kansa kaɗai.

Alamomin su ne zafi mai tsanani, kumburi, da kasa ɗaga hannu. Bayan kwana biyu ko uku jini kan taru ya gangaro har gwiwar hannu da gefen ƙirji, abin da ke tsorata mutane ƙwarai, alhali gangarowa ce kawai daga wurin karayar. Abin da ya fi cancantar a gaggauta a kansa shi ne hannu ya yi sanyi, ko yatsu su mutu, ko ƙashi ya huda fata. Likita kan taɓa fatar gefen kafaɗa ya tambayi majinyaci ko yana ji, domin akwai jijiyar da ke zagaye wuyan ƙashin damtse wadda karaya ke iya taɓawa. Daga nan sai hoton ƙashi ta fuska biyu ko fiye, idan kuma ƙashin ya farfashe a ƙara da hoton siti sikan. A 1970 likitan ƙashi ɗan Amurka Charles Neer ya fito da tsarin da har yau ake amfani da shi: ya kasa kan ƙashin damtse gida huɗu, ya ce ɓangare ya matsa ne idan ya gusa fiye da santimita 1 ko ya karkace fiye da digiri 45.

Mafi yawan karayar ba ta buƙatar tiyata. Ba a kuma naɗa kafaɗa da filasta kamar ƙafa. Ana rataye hannu ne a wuya na wasu makonni, tare da maganin rage zafi. Mutane da yawa sun fi samun barci a jingine a makonnin farko. Wani babban bincike da aka yi a asibitocin Birtaniya, aka wallafa a 2015, ya gwada tiyata da ratayewa a manyan da wuyan ƙashin damtsensu ya karye ya matsa, kuma bayan shekara biyu ba a ga wani bambanci na a zo a gani ba. Amma tiyata ta zama dole idan ƙashi ya fito waje, ko jijiyar jini ta taɓu, sau da yawa kuma akan yi ta idan karaya ta haɗu da gocewa. A lokacin akan ɗaure ƙashin da ƙarfe da kusoshi, ko a canja gaɓar da ta roba da ƙarfe idan kan ƙashin ya farfashe har jini ya daina isa gare shi.

Ƙashi kan haɗe cikin mako 6 zuwa 12, na yara kuma ya fi sauri. Shan taba da ciwon suga suna jinkirta haɗewar. Sai dai inda aka fi yin asara shi ne sanƙarewa, domin kafaɗa gaɓa ce da ba ta jure zama wuri ɗaya. Shi ya sa tun ana cikin ratayewa ake so a riƙa motsa yatsu da gwiwar hannu, sannan da izinin likita a fara sunkuyawa a saki hannun yana lilo a hankali. Bayan haka likitan gashin ƙashi zai riƙa ɗaga hannun da kansa, kafin majinyaci ya fara ɗagawa da ƙarfinsa, sai daga ƙarshe a shiga atisayen ƙarfafa tsoka. Wannan mataki yana da ciwo da gajiyarwa, kuma da yawa suna watsar da shi da zarar zafi ya lafa, abin da ke barin su da hannun da ba ya kaiwa ƙeya. Cikakken murmurewa kan ɗauki watanni, wani lokaci shekara guda. Tsohon da ya karye daga ƙaramar faɗuwa kuma ya kamata a auna ƙarfin ƙashinsa, a ba shi magani kafin a kai ga karayar ƙugu.