Waiwaye: Inda Linux ta fara cin karo da takardunmu

Tun da aka daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, muhawara ta ƙi ƙarewa tsakanin ɗalibanmu na Madina da 'yan uwa masu gyaran kwamfuta a Jidda. Tsofaffin kwamfutoci da yawa ba su da guntun tsaron TPM 2.0 da Windows 11 ke nema. Wasu na cewa a ɗora musu Linux, manhajar tafiyar da kwamfuta ta kyauta, a madadin Windows a huta, wasu kuma na rantsuwa sun gwada sun sha wahala. Wahalar gaskiya ce, amma ta girmi wannan muhawarar da kusan shekara 20.

Farkon labarin sananne ne. Richard Stallman ya sanar da GNU, shirin gina manhajojin kyauta, a 1983, Linus Torvalds ya fitar da Linux a 1991 yana ɗalibi a Helsinki, KDE da GNOME, masu samar da fuskar da ake gani a allon Linux, suka biyo baya a 1996 da 1997, Ubuntu, wani nau'in Linux, kuma ta zo a 2004 har tana aika faifai kyauta ta gidan waya.

Abin da ba a cika tunawa ba shi ne abin da ya faru tsakanin 2006 da 2008. A 2006 hukumar ma'auni ta duniya, ISO, ta amince da ODF, tsarin adana takarda da manhajojin kyauta ke amfani da shi. A 2008 ta amince da na biyu, na kamfanin Microsoft, wanda muka sani da docx. Aka wayi gari da mudu biyu a kasuwa ɗaya, jama'a kuma suka bi wanda ya riga ya cika kwamfutocinsu. Daga nan manhajar kyauta ta zama kullum tana ƙoƙarin karanta takardar da aka tsara a wani wuri.

Mai rubuta wasiƙar boko mai shafi biyu ba zai ji wannan a jikinsa ba. Ɗalibin da ke rubuta risala, wato kundin binciken digiri, da Larabci shi ya san zafinsa. Rubutunsa daga dama yake tafiya, akwai ayoyi masu cikakken wasali, akwai baitoci masu ɓari biyu, ga hawashi jibge a ƙasan kowane shafi. Salon harafin da aka saba rubuta risala da shi, Traditional Arabic, tare da Windows yake zuwa. Idan Linux ba ta same shi ba sai ta maye gurbinsa da wani mai faɗi daban, layi ya ture layi, hashiyar shafi na 40 ta tsallaka na 41, lambobin fihirisa su daina dacewa. Malami ya buɗe ya ga hargitsi, ɗalibi ya ce, "Allah gafarta Malam, wallahi daidai na turo ta." Kuma gaskiya ya faɗa. Washegari sai ya goge Linux, ya shaida wa abokansa cewa ba ta iya Larabci ba, alhali fuskarta da allon rubutunta sun daɗe da iyawa.

An samu gyara, ko da yake a hankali. LibreOffice, manhajar rubuta takardu ta kyauta, ta fito a 2010, kuma daga 2017 ta koma jera haruffa da HarfBuzz, manhajar da ke haɗa haruffa irin na Larabci yadda ya kamata, a kan kowace irin kwamfuta. Akwai harafin Amiri na kyauta, wanda aka zana bisa haruffan maɗaba'ar Bulaƙ ta Alƙahira. Har allon rubutun Hausa mai ƙ da ɗ da ɓ yana cikin Linux, a ƙarƙashin Najeriya.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, masu gyara manhajojin nan, waɗanda da yawansu 'yan sa-kai ne, sai sun ga takardar da ta lalace kafin su san inda za su taɓa, mu kuwa da takardun ke hannunmu a majalisa muke ƙorafinmu. Duk wanda risalarsa ta birkice, ya ciro shafi biyu ya aika musu da bayanin abin da ya faru. Kafin gyara ya iso, a riƙa tura wa malami da mai shagon buga takardu kwafin PDF.