Yadda ake haɗa gajeren katun na koyar da yara a talabijin

Da me ake farawa, zane ko murya?

Da rubutun labari, sai ɗaukar murya, zane ya biyo baya. Shiri mai minti 5 darasi ɗaya ya ishe shi: ƙirga daga 1 zuwa 5, ko wanke hannu da sabulu kafin cin abinci. In aka cusa biyu, ɗan shekara 4 yana iya haddace waƙar shirin ya bar darasin. A ɗauki murya a 48 kHz (ma'aunin ingancin ɗaukar sauti), a ɗakin da aka rataya wa barguna don kashe amsa-kuwwa, fanka a kashe. Tsawon magana shi ke yanke tsawon kowace fitowa.

Zane nawa minti ɗaya ke ci?

Talabijin a Najeriya da Nijar hoto 25 yake nunawa a daƙiƙa, wato 1,500 a minti. In kowane zane ya tsaya sau biyu, 750 ke nan. Shi ya sa ƙananan masu shiri ke zana mutum sau ɗaya, su raba kai da hannaye da ƙafafu, su riƙa motsa gaɓoɓin a manhajar haɗa katun irin Moho ko Blender.

Me ya sa baki ke saɓa wa magana?

Yawancin manhajojin da ke daidaita leɓe da kansu da Turanci aka gina su. A Hausa, b da ɓ da m duk leɓe a rufe suke. F kuwa yawanci da leɓɓa biyu ake furta ta, haƙori ba ya taɓa leɓe. Dogon wasali, kamar na "baaki", yana son baki ya ɗan jima a buɗe. Siffar baki 6 zuwa 8 sun wadatar, amma da hannu za a gyara su. Gyaran ya cancanci wahalarsa, domin yaro mai koyon harafi bakin yake kallo.

Yaushe ake gwadawa da yara?

Kafin a zuba launi. A jera zanen fensir a kan muryar, a kunna wa yara, a lura da inda suka kau da kai. In tauraron ya yi tambaya, a bar shiru na daƙiƙa 3 zuwa 4 su amsa.

In wuta ta ɗauke kwamfuta na cikin fitar da kammalallen aiki fa?

A fitar da shi hoto-hoto a PNG, wani nau'in fayil na hoto. Wuta na dawowa sai a ɗora daga hoton da aka tsaya, daga baya a haɗa da sauti.