Ba Kowane Tabo A Huhu Ne Ciwon Daji Ba

A Gombe, da zarar hoton CT, wato hoton cikin jiki da na'urar asibiti ke ɗauka dalla-dalla, ya nuna tabo a huhun mutum, sai dangi su yanke hukuncin cewa ciwon daji ne ko tarin fuka, alhali akwai tabo mai kama da hazo, wanda ake hango jijiyoyin jini ta cikinsa, da sau da yawa kumburi ne ke haddasa shi, kuma yakan ɓace cikin 'yan watanni.

Shi ya sa likita kan ce a dawo a sake hoto, abin da wasu ke ɗauka sakaci ne. Ƙa'idojin 2017 na Ƙungiyar Fleischner, ta ƙwararrun likitocin huhu da hoton ƙirji na duniya, sun nuna cewa hazon da bai kai milimita 6 ba yawanci ba ya buƙatar bibiya, wanda ya kai kuwa a sake duba shi bayan wata 6 zuwa 12, sannan duk shekara 2 har shekara 5.

Wanda ya ƙi ɓacewa, musamman idan tsakiyarsa ta yi tauri tana girma, yana iya zama daji mai tafiya a hankali, kuma ba ya sa tari da farko, don haka jin lafiya ba hujjar fasa komawa asibiti ba ce.